Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Tsara Ajiyar Wutar Gida da Inbata Biyu



Kwamitin jin daɗin mambobi ne ya ɗora mana nauyin wannan bayani, saboda ya lura cewa a 'yan shekarun nan bashin da mambobi ke nema don sayen kayan sola yana ta ƙaruwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, janareta ya zama kayan ado a gidaje da yawa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane kilowat na awa guda. Sannan a Oktoban 2024, bayan an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ya biyo ta Binuwai shi ma ya samu matsala, galibin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Malamin da ke duba takardun jarrabawa da hasken wayar hannu, ga yara suna kuka saboda zafi, ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a kan amfanin ajiyar wuta.

Abin da ke gabanmu yau shi ne tambayar da ta fi yawa a bakin mambobi: shin in saya inbata babba guda ɗaya, ko in fara da ɗaya in ƙara ta biyu daga baya a haɗa su su yi aiki tare? Amsar tana da muhimmanci, domin kuɗin da ake magana a kai albashin watanni ne masu yawa, wanda za a riƙa cira wata bayan wata. Wanda ya yi kuskuren tsari zai ci gaba da biyan bashi alhali gidansa na cikin duhu, wani lokacin ma har da asarar gobara.

Randa, moɗa da rijiya

Kafin mu shiga lissafi, bari mu bambance abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Farantan sola su ne rijiyar da ake ɗebo ruwa. Batir shi ne randar da ake tarawa. Inbata kuwa moɗa ce, aikinta ta ɗebo abin da ke cikin randa ta miƙa wa gida, ta juya wutar batir zuwa irin wutar da fanka da firij ke sha, wato bolt 230. Idan ka sa moɗa biyu a randa ɗaya, mutum biyu za su sha a lokaci guda, amma ruwan randar bai ƙaru ko da ɗigo ba. Hasali ma zai fi saurin ƙarewa.

Wannan shi ne ginshiƙin duk abin da za mu faɗa. Inbata ta biyu tana ƙara yawan kayan da za a iya kunnawa a lokaci ɗaya. Ba ta ƙara tsawon daren da wuta za ta kai. Wanda wutarsa ke ɗaukewa ƙarfe uku na dare, batir yake nema ko ƙarin faranti. Wanda inbatarsa ke ƙara tana mutuwa duk sa'ad da aka kunna dutsen guga ana cikin tura ruwa, shi ne ya dace ya yi tunanin inbata ta biyu. Cuta biyu ce daban, kowace da maganinta.

Lissafin gida kafin zuwa kasuwa

Mu malamai mun saba da tsara darasi kafin shiga aji, saboda haka wannan mataki ba baƙo ba ne a gare mu. A ɗauki takarda a zagaya gida. Kowane kayan wuta yana da rubutu a jikinsa da ke nuna wat nawa yake sha. A rubuta wat ɗin, a ninka da awannin da yake aiki a rana. Matan gida su ne suka fi kowa sanin waɗannan awanni, don haka lissafin da aka yi ba tare da su ba, da wuya ya fita daidai.

Ga misali na gida matsakaici. Ƙwan fitila 10 masu wat 10, awa 6, sun ci 600. Fanka 4 masu wat 70, awa 10, sun ci 2,800. Talabijin da dikoda wat 100, awa 5, sun ci 500. A ba firij 1,500 a wuni da kwana, cajin wayoyi da kwamfuta 300, injin tura ruwa mai doki ɗaya, wato kimanin wat 750, awa guda, 750. Jimla 6,450, wato kusan kilowat-awa shida da rabi.

Lissafi bai ƙare a nan ba. Wajen juya wuta ana asarar kimanin kashi goma cikin ɗari. Ita kanta inbatar tana ci ko da ba a kunna komai ba. Idan tana cin wat 50, a awa 24 ta sha 1,200. Sai jimlar ta koma wajen 8,300. A lura da wannan adadi na 1,200, domin ranar da aka ƙara inbata ta biyu, shi ma ya ninka. Baƙo ne da ke cin tuwon gida ko ya yi aiki ko bai yi ba.

Daga wannan takarda guda za a fitar da amsa uku. Ta farko, girman randa. A gidan misalinmu, abin da ake sha daga faɗuwar rana zuwa hantsi ya kai wajen 6,000. Batirin litiyom da ya fi yawa a kasuwa, mai bolt 51.2 da amfiya-awa 100, yana ɗaukar 5,120. Idan ana barin kashi ashirin cikin ɗari a ciki don ya yi ƙarko, abin amfani wajen 4,100 ne. Ɗaya bai isa ba, biyu sun wadatar. Batura huɗu na dalma masu bolt 12 da amfiya-awa 200 kuwa suna ɗaukar 9,600 a rubuce, amma ba a so a sha fiye da rabi, wato 4,800.

Ta biyu, faɗin rijiya. A yankinmu ana iya ƙiyasta awa biyar na rana mai ƙarfi, a cire rubu'i saboda zafi da ƙura da asarar waya. Faranti huɗu masu wat 550 za su ba da wajen 8,250, wato da ƙyar suka kai. Biyar ko shida sun fi zama kwanciyar hankali, saboda gajimaren Agusta da hazon hunturu.

Ta uku, girman moɗa. Idan aka kunna duk kayan gidan nan lokaci guda, ba su kai wat 1,500 ba. Injin ruwa da firij suna fizgar ninki uku ko fiye a daƙiƙar da suke tashi, amma duk da haka inbata ɗaya mai wat 5,000 za ta ɗauke su ba tare da nishi ba. Ma'ana, gidan misalinmu ba ya buƙatar inbata biyu ko kaɗan. Muna faɗin wannan da babbar murya, domin mai sayarwa ba lallai ne ya faɗa muku ba.

Wa ke buƙatar inbata biyu?

Akwai gidajen da ta biyun ta zama dole. Gidan gandu mai sassa uku ko huɗu da ke son ajiya guda. Gidan da uwargida ke sana'ar ƙanƙara, zoɓo da kunun aya, da firiza biyu ko uku. Gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki, wadda mai doki ɗaya da rabi kan ci sama da wat 1,000, ga dutsen guga da ke cin kwatankwacin haka, ga injin burtsatse. Akwai kuma wanda kayansa 'yan kaɗan ne a yau, amma ya san yana gina shago a ƙofar gida ko zai buɗe ajin koyon kwamfuta bayan ritaya.

Ga irin waɗannan, haɗa biyu yana da fa'ida a kan sayen ƙatuwa guda. Ana raba kashe kuɗin gida biyu, abin da ya dace da mai albashi. Kuma idan ɗaya ta lalace aka kai ta gyara, ana iya saita ɗayar ta riƙe fitilu da fankoki da firij kafin 'yar uwarta ta dawo. Ga gidan da ake ajiye magani a firij, ko abincin sayarwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sharuɗɗan haɗi

Wutar da inbata ke fitarwa tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa. Idan biyu za su zuba a waya ɗaya, dole su tashi tare su sauka tare, kamar shanun huɗa a karkiya guda. In ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma, garma ce za ta karye. Inbatoci biyu da aka haɗa bakinsu ba tare da suna jin juna ba, kowace za ta tura wa 'yar uwarta wuta, cikin ƙiftawar ido sai hayaƙi. Saboda haka akwai sharuɗɗan da ba a sassauta su.

Na farko, sai inbatar da kamfaninta ya rubuta a littafinta cewa ana iya haɗa ta. Ba kowace ba ce. Wasu suna zuwa da katin haɗi a cikinsu, wasu sai an saya daban tare da wayoyin da suke magana da juna ta ciki. Ta waɗannan wayoyi ne ɗaya ke zama jagora, ɗayar ta bi, su raba kaya daidai.

Na biyu, su zama kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, ƙarfi ɗaya, kuma manhajar da ke cikinsu ta zama zubi ɗaya. A nan ne masu niyyar ƙarawa daga baya ke faɗawa rami. Kamfanoni suna sauya samfuri, kuma wadda ka saya bana mai yiwuwa ne bayan shekara uku ka neme ta ka rasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan lissafinka ya nuna za ka buƙaci ta biyu nan kusa, kada ka bar tazara mai tsawo tsakaninsu, kuma ka zaɓi samfurin da ya yaɗu a kasuwa, wanda ke da wakili da kayan gyara a kusa.

Na uku, a irin inbatocin da suka fi yawa a gidajenmu, dukansu randa ɗaya suke sha. Ba a ba kowace batirinta daban. Ana kawo batura duka kan sandar jan ƙarfe guda biyu, ɗaya ta ɓangaren ja, ɗaya ta ɓangaren baƙi, kowace inbata ta ɗebo daga nan. Farantan sola kuwa akasin haka ne, kowace inbata da nata jerin, ba a haɗa su.

Na huɗu, wayoyin su zama kauri ɗaya, tsawo ɗaya. Wuta tana bin hanya mafi sauƙi. Idan wayar ɗaya ta fi gajarta, ita za ta riƙa ɗaukar kaya mafi nauyi, ta yi zafi, ta tsufa kafin 'yar uwarta.

Na biyar, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne ƙarfin bakin randa. Inbata mai wat 5,000 a kan bolt 48, idan ta cika aiki tana jan amfiya sama da 100, da asara ta doshi 115. Biyu za su ja wajen 230. Batirin litiyom yana da mai gadi a cikinsa, wata 'yar na'ura da ke yanke wuta idan aka ja fiye da ƙima, kuma da yawa daga masu amfiya-awa 100 ƙimarsu amfiya 100 ce. Wanda ya ɗora inbata biyu a kan batir ɗaya, mai gadin zai riƙa rufe ƙofa duk lokacin da kaya suka yi nauyi, ya zama an sayi wat 10,000 ana amfani da rabi. Don cin moriyar biyun sosai, ana buƙatar irin wannan batir guda uku. Kun ga ke nan farashin inbata ta biyu bai tsaya a kanta ba. Tana zuwa da ƙarin batura da waya da fiyus. A sa duka a lissafi kafin a cike takardar bashi.

Wanda yake da tsohuwar inbatar da ba ta haɗuwa, kada ya jefar da ita. Ana iya raba wayoyin gida kashi biyu, kowace inbata ta riƙe nata kashin, bakinsu bai taɓa haɗuwa ba. Sau da yawa wannan ya fi sauƙi, ya fi araha.

Abin da ke kare rai da dukiya

Amfiya 200 ba abin wasa ba ne. Sifana da ta faɗa tsakanin kawunan batir tana iya yin ja wur nan take. Dole kowane batir da kowace inbata su samu fiyus ko bireka irin na wutar batir, kusa da batirin. Birekar wutar NEPA ba ta maye gurbinsa, domin wutar batir ta fi wuyar yankewa. Wayar da ke tsakanin batir da inbata mai wat 5,000 kan kasance mai kaurin milimita murabba'i 35 ko 50, gwargwadon abin da littafin ya ce, kuma ta jan ƙarfe zalla. Akwai wayar alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe a kasuwa; a kankare bakinta, in cikin fari ne a ajiye ta. Araha ba ta ado. Kusoshin haɗi kuma a ɗaure su tam, a riƙa dubawa, domin haɗin da ya yi sako-sako shi ne mafarin gobara da yawa.

A kafa sandar ƙasa mai kyau a haɗa jikin inbatoci da ƙarafan faranti da ita, a sa na'urar kare tsawa saboda damina. A tabbatar akwai makunnin sauya layi, yadda wutar gidanka ba za ta koma kan layin unguwa ba. Ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton babu wuta, ransa yana hannun wanda ya yi wannan haɗi.

Sai wurin ajiya. A Afrilu zafin garuruwanmu yana haura digiri 40, kuma batirin dalma yana rasa kusan rabin kwanansa a duk ƙarin digiri goma sama da 25. Litiyom ya fi juriya, amma shi ma zafi yana rage masa kwana. A nemi ɗaki mai inuwa da iska, nesa da murhu da tukunyar gas, inda yara ba sa kaiwa. Batirin dalma mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, saboda haka ba a kwana da shi a ɗaki rufe. A bar tazara tsakanin inbatocin biyu don kada su riƙa hura wa juna zafi. Da hunturu a riƙa share ƙura daga ragar iskarsu, a wanke faranti da sassafe kafin su ɗau zafi. Faranti su fuskanci kudu, a ɗan karkace, yadda ruwan sama zai wanke su.

Idan batirin dalma ya mutu, a mayar wa masu karɓa, kada a bari a fasa shi a tsakar gida. Gubar dalma ce ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. A can daga duwatsun haƙar zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce da wadda ke cikin batir.

Sayen a hankali

Ga tsarin da muke ba mai albashi shawara a kai. A zangon farko, a kashe kuɗi a kan abin da ke da wuyar sauyawa: a ware layin kayan da ba a iya rabuwa da su, a sa sandunan jan ƙarfe da za su ɗauki amfiyar inbata biyu tun yanzu, a bar gurbi a bango da kan rufi, sannan a sayi inbata ɗaya mai karɓar haɗi a kan bolt 48, da batir ɗaya, da faranti. Mai niyyar faɗaɗawa kada ya fara da bolt 12 ko 24, domin zai sake komai daga tushe. A zango na biyu a ƙara batir da faranti. Inbata ta biyu ita ce ta ƙarshe, kuma sai in takardar lissafi ta kira ta.

Wajen ƙara batir akwai bambanci. Ba a haɗa tsohon batirin dalma da sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa. Na litiyom yana karɓar ƙari idan irinsu ɗaya kuma kamfanin ya yarda, da sharaɗin a daidaita cajinsu kafin a haɗa. Ba a kuma gauraya dalma da litiyom a randa ɗaya.

Game da bashi, ƙa'ida guda muke roƙo a riƙe: kada wa'adin biya ya fi kwanan batirin tsawo. Masu ƙera litiyom irin na gida suna ambaton zagayen caji dubu uku zuwa sama, wanda a zagaye ɗaya kullum ya haura shekara takwas. Na dalma a zafinmu, ana shanye shi kowane dare, ba ya kusantar haka. Mai sauƙin kuɗi a yau yana iya zama mai tsada idan an saye shi sau uku.

A wurin mai sayarwa, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowane kaya da wa'adin garanti a rubuce. A wurin mai haɗawa, a tambaye shi gidan da ya taɓa haɗa inbata biyu, a je a gani da ido, a tambayi masu gidan. Ranar da ya gama, ya kunna kaya masu nauyi a gabanka, ka dubi fuskar inbatocin biyu: idan ɗaya na nuna kashi 40 cikin ɗari, ɗayar ma ta nuna kusan haka. In ɗaya na 70 ɗaya na 10, aiki bai ƙare ba, kada a cika masa kuɗinsa. Ya kuma nuna wa uwargida da babban yaro inda ake kashe komai idan an ji ƙauri, domin sau da yawa maigida yana makaranta sa'ad da abu zai faru.

'Yan uwa, muna da malaman lissafi da na kimiyya da na koyon sana'a a wannan reshe. Muna roƙonsu su ba da 'yan mintoci ga duk abokin aikin da ya kawo takardar lissafin gidansa, su duba masa kafin ya sa hannu a kan bashi. Masu niyyar saye a lokaci ɗaya kuma su haɗa kai su sayi samfuri guda, su samu rangwame, su kuma samu mai gyara ɗaya da ya san kayansu. Kowa ya koma gida yau ya fara da takarda da alƙalami, ya zauna da iyalinsa su ƙidaya abin da suke kunnawa da awannin da yake yi.

 Yanzu fili naku ne, masu tambaya su ɗaga hannu.